Kunnen Kawu Jossias

Chivale, 9 ga Fabrairu

"Ki rubuta masa cewa lafiyata ƙalau, ina ci, ina aiki. In kuma likita yake son turo mini, ya turo na gaske, ba Dokta irinki ta takarda ba."

Mano Amâncio, yayana, da wannan mahaifinka, Kawu Jossias, ya ce in buɗe wasiƙar, na kuwa buɗe. Yana tsaye a kaina sai da ya ga na rubuta, sannan ya koma ɗakin gyara. Yanzu sai gaisuwa. Ina fata kana lafiya, da Anastácia da yara, da fatan jirginku ya dawo da ku Durban lami lafiya. Ni ma ƙalau nake, in ban da ƙugu. Awa tara na yi a bas daga Maputo da kwandon kajin wata mata a cinyata.

Ka ce in zo in duba maka Kawu, saboda in ka kira shi a waya kana tambayar gabas yana amsa yamma. Jami'a ta ba ni hutun wata uku in ƙarasa wani bincike da mutum huɗu za su karanta, don haka lokaci ba ya yi mini ƙaranci. Ranar Talata na iso. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce Dokta ta zo ƙidayar talakawa. Daga nan ya sa aka dafa mini kaguwa da miyar ganyen rogo, ya zauna yana gadina har na cinye.

Shagonka na nan yadda ka bar shi. Felizarda na riƙe da gaban shagon: hayar allunan hawan igiyar ruwa, kakin shafawa, igiyar ƙafa, da koya wa baƙi tsayuwa a kan ruwa. Wannan makon Jamusawa uku gare ta. Sun yi jajir kamar jatanlande a tukunya, babu wanda ya tsaya a kan allo fiye da numfashi biyu, amma duk yamma suna zaune suna ba juna labarin manyan igiyoyin ruwan da suka hau. Ita kuwa da sassafe take shiga nata ruwan, can wajen duwatsu, kuma har yanzu in babbar igiya ta taso mazan garin matsa mata suke yi. Shuɗin allon nan da ka aiko mata a Janairu, ko inuwar mutum ba ta bari ta faɗa kansa. Da shi za ta shiga gasar hawan igiyar ruwa ta ƙasa a ƙarshen Maris.

Bayan shago kuwa mulkin Kawu ne. Ka yi haƙuri in maimaita maka abin da ka tashi a ciki, so nake ka ga ko na gane daidai. Alluna iri biyu ne, daga waje ba ka bambanta su. Tsohon iri cikinsa soso ne mai tauri. Sabon iri cikinsa farin soso ne mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ake tallafe sabon firji da shi a kwali. Gam ɗin yau da kullum yana yi wa tsohon iri, amma in ya taɓa cikin sabon iri narkar da shi yake. Gam na biyun yana yi wa kowanne, sai dai daga wajenku yake zuwa, kwalba ɗaya a wata shida, Kawu na tattalinsa kamar turare. Sauran masu gyara sukan ɗan yaga allo su leƙa ciki. Kawu ya ce wannan aikin mahauta ne. Shi ƙwanƙwasawa yake da gaɓar yatsa, ya saurara, yadda ya saba yi wa katakon kwalekwale tun kafin a haife mu. Kuma na lura babu mai gaya masa irin allon da ya kawo. Felizarda ta ce cin fuska ne. Wani Bature ya taɓa gwadawa, Kawu ya miƙa masa allonsa ya nuna masa hanya.

Abin da na gani a kwana biyar: rediyonsa ana jin ta daga bakin ruwa. In kana magana, bakinka yake kallo. Allo kuma sau uku yake ƙwanƙwasa shi, alhali an ce mini da sau ɗaya ne.

Ban ce komai ba tukuna. Kallo aka koya mini, shi nake yi.

Ƙanwarka,
Zulmira


Durban, 17 ga Fabrairu

Mana Zulmira,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Anastácia ta yi mura ta warke, ƙaramin ya fasa haƙori a makaranta yana ta alfahari da shi. Ki gaida Baba, ki ce na ji saƙonsa.

Wasiƙarki sau biyu na karanta. Na farko na yi dariya. Na biyu na nemi amsar tambayata ban samu ba. Ni ba ɗalibinki ba ne, mai kula da injin jirgin kamun kifi ne. In inji ya canza murya ina so a ce mini ya lalace ko bai lalace ba. Baba yana ji ko ba ya ji?

Abu ɗaya kuma, mai muhimmanci. Allon Felizarda sabon iri ne. Ita ta san haka. Amma fentinsa da ƙirarsa irin na da ne, domin haka ta ce tana so, kuma wanda ya ƙera mini shi ya yi masa fata mai kauri saboda duwatsunmu, don haka ko a hannu nauyinsa yana ruɗar mutum. In wani abu ya same shi kada ya shiga ɗakin Baba sai kin tabbatar. Ke ba 'yar ruwa ba ce, in kika gaya masa irinsa zai ce jahilci ne, ba zai ce raini ba.

Direban kayan shago zai tashi jibi, shi zan ba. Ki amsa mini a fili.

Yayanki,
Amâncio


Chivale, 27 ga Fabrairu

Mano Amâncio,

Ina gaishe ku duka. A yi wa mai fasasshen haƙori barka. Kawu lafiyar jiki ƙalau, ni ma haka.

Motar direbanka ta lalace a hanya, ta kwana huɗu a garejin wani. Wasiƙarka ta iso ranar Litinin. Abin da kake tsoro ya riga ya faru tun ranar Alhamis, kafin ta iso.

Felizarda ta bugi dutse da safe. Ba wani abu ba ne, tsagewa ce a hancin allon, tsawon farce. Ta shigo da shi ɗakin gyara tana ɗigar ruwa, ta kwantar a kan benci, ta ce, "Mestre, ga shi," ta fita, domin Jamusawanta na jira. Ba ta ƙara ko kalma ba. Haka ake yi, kuma Mestre, wato gwanin sana'a, shi ne sunansa a bakin kowa. Ina zaune a kan bokiti a kife, da littafina.

Ya shanya shi ya bushe har bayan azahar, sannan ya ƙwanƙwasa. Sau huɗu, na ƙirga. Ya sunkuyar da kai, leɓensa na motsi. Sai na ga idonsa ya bi fentin daga hanci har wutsiya, ya ɗaga allon ya auna a hannu, ya ce tsohon iri ne. Ni na ji ƙarar sarai, kunnena lafiya lau, amma ban san me take nufi ba. Mu biyu a ɗakin, ɗaya ya san yaren ba ya ji, ɗaya na ji ba ta san yaren ba.

Don kada ya ɓata fenti, ɗan rami ya huda kamar na allura, ya ɗura gam da sirinji. Aikin ya yi kyau ƙwarai, wannan kam dole in faɗa. Kafin in gama shafi biyu sai hancin allon ya fara lotsawa, a hankali, kamar gwandar da ta kwana uku a rana. Ya ɗora babban yatsa a wurin, yatsan ya shige. Narkewar ta ci ciki kusan kamu guda. Ya tsaya da yatsansa a ramin, bai cire ba, bai dube ni ba.

Da Felizarda ta dawo akwai mutane a ƙofa, masu jiran nasu allunan. Ta daɗe tana kallo. Tambaya ɗaya ta yi: "Mestre, me allon ya ce maka?"

Ya ce gam ɗin jabu ne, yanzu komai jabu ne. Ya ce wanda ya ƙera allon a Durban maƙaryaci ne, ya sa wa sabon iri rigar tsoho don ya kunyata mutane. Ya faɗa da ƙarfi, yana kallon na ƙofa, su kuma suna kallon ƙasa. Felizarda ta ɗauki allonta ta rungume shi ta fita. Tun daga ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Ka ce in amsa a fili. To. Kunnen mahaifinka ya yi ritaya bai sanar da shi ba. Mutumin da ke zuba gam bisa abin da ya ji, alhali ba ya ji, caca yake da allunan mutane.

Saura wata ɗaya gasar. Ba ta da wani allon da ya kai wannan.

Zulmira


Durban, 6 ga Maris

Mana Zulmira,

Muna lafiya, da fatan kuna haka. Na gode da kika faɗa mini gaskiya.

Tunda caca ce, an rufe wurin cacar. Na yi waya da Felizarda jiya, na ce ta sa wa ɗakin gyara kwaɗo ta riƙe makulli. Shagon da sunana yake, in allon wani baƙo ya narke ni za a nema. Kuma ba na so a wayi gari mutumin da duk gaɓar nan ke kira Mestre ya zama abin ba'a a wurin shan giya.

Na yi magana da Anastácia. Yara za su koma ɗaki ɗaya, Baba ya ɗauki ɗayan. Hawa na shida ne amma akwai lif, kuma ta tagar kicin ana hango teku in babu hazo. Akwai asibiti kusa. Zai huta, ya isa haka.

Jibi za mu tashi, sati shida, can kudu inda babu waya. In na dawo zan zo in ɗauke shi. Ki fara shirya masa zuciya, ke kin iya magana.

Ki ba Felizarda haƙuri. Da zan iya samo mata wani kafin gasar da na yi, amma sati biyar ake ƙera shi.

Amâncio


Chivale, 19 ga Maris

Mano Amâncio,

Na san kana tsakiyar teku, wannan takardar za ta jira ka a kan teburin Anastácia. Duk da haka ina gaishe ka, da fatan sanyin kudu bai taɓa ƙirjinka ba. Ni lafiya. Kawu ya rame.

Ranar da aka sa kwaɗon ya fito kamar kullum da butar shayinsa. Ya tsaya ya dube shi. Bai taɓa ba, bai tambayi kowa ba. Ya juya ya zauna a gindin yazawar nan ta gefen shago, kuma nan ne ofishinsa yanzu, daga safe zuwa faɗuwar rana. Rediyon ma ya daina kunnawa. Maƙwabta sun ce garin ya yi shiru, wasu da godiya suke faɗa.

Sai ga teku ta zaɓi wannan lokacin. An yi guguwa can wajen Madagaska, ita ba ta iso ba, amma ta turo mana igiyoyi kwana huɗu, irin waɗanda ake jira shekara guda. Motoci suka cika garin daga kudu. Kowa ya shiga ruwa, har waɗanda ya kamata a ɗaure su a gida. Alluna goma sha ɗaya suka fashe ko suka karye. Ka san inda aka kai su? An jingina su a jikin ƙofar da ke kulle, ɗaya bayan ɗaya, domin ƙafar mutanen nan ba ta san wata hanyar ba. Wasu sun gaji da jira suna liƙe nasu da salatif. Kawu na zaune taku goma daga wurin, ya juya musu baya, yana kallon teku kamar an ba shi ajiyarta.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Jimlar nan ta caca, ni na rubuta, ba zan musa ba. Amma na rubuta ta ne don ta yi mini daɗi a baki. Halina ne, a wurin aiki har yabona ake yi a kansa. Kai ka tambaye ni ko yana ji, amsar ita ce ba ya ji sosai. Ba ka tambaye ni ko hannunsa ya mutu ba, ni kuma ban gaya maka cewa ranar da ya narkar da allon, ramin da ya huda ko da tabarau ban iya gano shi ba sai da wurin ya lotsa. Hannun da ya yi wannan kake so ya je ya riƙe labulen kicin a hawa na shida.

Ban shirya masa zuciya ba. Na gaya masa kai tsaye, a kunnen dama, ina ɗaga murya. Ya ce Durban gari ne mai kyau, ya taɓa zuwa.

Na je wurin Felizarda in roƙe ta ta buɗe, ka dawo ka same ni da laifin. Tana shafa kaki a wani tsohon allon haya, ba ta ɗago ba. Ta ce kwaɗon naka ne, amma ko ba ka sa ba da ita ta sa. Ta ce: "Mana Zulmira, shekara goma sha biyar ina kai masa allo ban taɓa gaya masa irinsa ba. Girma na ba shi. Shi kuma ya tsaya gaban mutane ya ce gam ne. Allo ana sake wani. Ni magana ɗaya nake jira, kuma ya san ta."



Zulmira


Chivale, 8 ga Afrilu

Mano Amâncio,

Gaisuwa. Shiru daga wajenka, na san dalili, amma sanin dalili ba ya rage tsawon shirun. Muna nan da rai.

Felizarda ta je gasar da allon aro, mai nauyi kamar ƙyauren coci. Ta wuce zagayen farko da ƙarfin hali, a na biyu wata 'yar shekara sha bakwai ta fitar da ita. Ita kanta talatin da ɗaya take, ta ce ba ta san ko za ta sake zuwa ba. Ta dawo ranar Litinin, Talata da safe tana cikin ruwa tana tura wata Baturiya a kan kumfa tana cewa madalla.

Na kai Kawu asibiti a Inhambane. Ƙarya na yi masa, na ce kunnena ke ciwo, ina tsoron zuwa ni kaɗai. Ya raka ni yana faɗa, wai karatu ne ya toshe mini shi. Da muka shiga na ce tunda an zo a duba shi ma. Ya gane, amma malamar asibitin yarinya ce mai ladabi, ya kasa yi mata gardama. Kunnen hagu saura kaɗan, na dama rabi. Ta ce ƙarar injin goge alluna ce, shekara da shekaru ba tare da toshe kunne ba. An sa sunansa a jerin masu jiran na'urar ji. Na tambayi yaushe, ta yi murmushin da na sani daga ofisoshin Maputo.

Muka hau bas ɗin dawowa. Sai da muka wuce gonakin kwakwa ya ce, yana kallon taga: "Tun bara alluna suka daina yi mini magana, Dokta. Fenti nake kallo." Can kuma ya ce, "A gidan Amâncio me zan riƙa taɓawa?"

Na ce abin da ya gaya mini ya je ya gaya wa Felizarda. Na faɗa a kunnen dama, da ƙarfi, har matar da ke gabanmu ta waiwayo. Ya ci gaba da kallon taga. Karo na farko ke nan da ban san ko da gaske bai ji ba.

Ranar uku ga Mayu zan koma. Ka rubuto kafin nan.

Zulmira


Durban, 21 ga Afrilu

Mana Zulmira,

Mun sauka shekaranjiya, lafiya, sai gajiya. Gida lafiya. Wasiƙunki biyu na same su tare, na karanta a tsaye ko jaka ban ajiye ba.

Kada ki ɗauki laifin duka, ba naki ba ne ke kaɗai. Zan gaya miki abin da ba ki sani ba, kina makarantar kwana lokacin. Ina shekara goma sha tara sababbin allunan suka fara zuwa. Ni nake riƙe masa aiki, na iya ƙwanƙwasar, shi ya koya mini. Wata rana wani allo ya ruɗe ni, na ce Baba mu ɗan yaga mu leƙa, me zai rage mana. A gaban mai allon na faɗa. Wata guda bai yi mini magana ba, a gida ɗaya, a akushi ɗaya. Da watan ya cika na bi wani jirgi. To da na karanta cewa ya narkar da allo, kafin tausayi ya zo mini wani abu mai kama da daɗin ramuwa ya riga shi zuwa, kuma da wannan abin na ɗauki waya na kira Felizarda. Sati shida a ɗakin inji sun ishe ni in gane haka.

Amma ba zan ce a buɗe ba. Ba ni aka yi wa ɓarna ba. Makullin na hannun Felizarda, na gaya mata ɗazu cewa daga yau nata ne, ta buɗe ko ta bari. In ta buɗe, Baba ya zauna. In har kika tafi ba ta buɗe ba, zan zo tsakiyar Mayu in ɗauke shi, domin ba zan bar shi a gindin bishiya yana ƙarewa ba.

Kada ki ce masa ya ba da haƙuri. Ba zai yi ba, kuma in kika faɗa kin rufe hanyar. Ki karanta masa wannan wasiƙar kawai, duka, har wurin da na ce na iya ƙwanƙwasar. Ban taɓa gaya masa cewa har yau haka nake gane ciwon inji ba.

Yayanki,
Amâncio


Maputo, 5 ga Mayu

Mano Amâncio,

Na iso gida lafiya, wannan karon buhun kwakwa ne a cinyata, kyautar Kawu. Ka gaida Anastácia da yara tun yanzu, domin in na gama ba ka labarin ba zan ƙara komai ba.

Na karanta masa wasiƙarka a gindin yazawa. Da yake sai an ɗaga murya, duk unguwa ta ji sirrin gidanku, har mai sayar da burodi ta tsaya da tire a ka. Ya saurara har ƙarshe. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu. Abin da ya ce kawai, ashe inji ma yana magana.

Kwana shida ba abin da ya motsa. Felizarda na gaba, shi yana gindin bishiya, ni ina kai da kawowa tsakaninsu da shayi kamar jakadiyar ƙasashen da ba sa ga maciji. Ana jibi zan tafi ta ce mini za ta buɗe ranar tafiyata, sau ɗaya, allo ɗaya, don kada a ce ba ta ba shi dama ba. Ta ce in gaya masa. Na gaya masa. Ya ce iska za ta juya kudu ranar.

Ranar da safe na fito da jakata. Shagon bai taɓa samun masu neman kakin shafawa irin na ranar ba, mutum kusan goma, kowa na juya kaki a hannu yana karanta takardar jikinsa. Felizarda ta kawar da allunan da ke jingine, ta buɗe kwaɗon. Ta zaro ɗaya daga tsakiyar tarin, wani fari na wani baƙo da ya bari ya tafi, wanda ita kanta ba ta san irinsa ba. Ta kwantar a benci. Ta ce, "Mestre, ga shi." Amma ba ta fita ba.

Ya taso daga gindin bishiya a hankali. Ya shiga, ya share ƙurar bencin da tafin hannu, ya gyara zaman gwangwanaye biyu da ba su buƙatar gyara. Ya ƙwanƙwasa. Ya sake. Ya sake. Na ga idonsa ya fara bin fentin, sai ya ɗauke shi ya mayar kan bango. Ya daɗe a haka, har ɗaya daga masu kakin ya yi tari.

Ka san yanzu bai san ƙarfin muryarsa ba. Ina jin a ransa a hankali ya faɗa. Har bakin ruwa aka ji.

"Felizarda, ban ji ba. Na shuɗin ma ban ji ba, gam ɗin lafiyarsa ƙalau. Zo ki saurara mini."

Ba ta motsa nan da nan ba. Ta dubi ƙasa, ta share hanci da bayan hannu, sannan ta zo ta sunkuya a kan allon. Ya ƙwanƙwasa. Ya tambaye ta me allon ya ce. Ta ce ya ce ƙwas. Ya ce ƙwas mai tsayawa ko ƙwas mai tafiya. Ta ce ita ina ta sani, ƙwas dai.

"Shekara goma sha biyar a kan allo, ba ki san muryarsa ba?"

"Wa ya koya mini? Kai da ko tambaya ba a yi maka."

Wannan ya ji, ko ya karanta a bakinta. Ya aike ta gaba ta ɗauko alluna biyu na haya da kowa ya san irinsu, ya jera su, ya sa ta rufe ido. Ya bugi wannan, ya bugi wancan. Ta faɗa, ta kuskure. Ya ce kunnen nan nata ado ne. Ta ce aƙalla nata yana aiki. Masu kaki suka yi dariya, shi bai san me aka ce ba, ya harare su duka don kada ya bar mai laifin. Ta sake kuskurewa. A na uku ta dace, a na huɗu ma. Ya koma kan farin allon ya buga, ta ce sabon iri. Ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce a'a. Sai ya ɗauko wuƙa ya miƙa mata, ya nuna mata inda za ta yaga, daidai bakin fashewar, kada ta wuce faɗin farce. Ƙwaya-ƙwaya ne, fari tas.

Kada ka ɗauka an shirya. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce kafin ya taɓa allon kowa, shuɗin zai fara sake wa hanci, kuma da gam mai tsadar, ko da kwalbar za ta ƙare. Ya ce ta kawo shi. Ta ce makullin zai ci gaba da zama a wurinta. Ya yi kamar bai ji ba, ita kuma ta bar shi a haka. Ka dai bar wa yara ɗakinsu, ka aiko da gam.

Bas ta yi ham a bakin titi. Ina tsaye a ƙofa da niyyar yin sallama mai ma'ana, har na tanadi jimla. Kawu ya ɗago ya gan ni.

"Dokta, ko ki shigo ko ki fita. Iska na kawo mana yashi."

Na ja ƙofar ta rufu. Ta bayanta ina jin ƙwanƙwasa ɗaya, sai shiru, sai muryar Felizarda. Na ɗauki jakata na nufi titi.